Mudun Ɗanjuma

Na san abin da ake faɗa muku a gidajen biki, ku 'ya'yana da jikokina. Ana cewa Malam Isyaku, da girmansa da furfurarsa, ya kwashi asirin gidansu ya zuba a wasan waya, yara suna dannawa suna shewa. Ban musa ba, an yi haka. Amma masu ba ku labarin a tsakiya suke ajiye shi, don nan ne ya fi daɗin tsegumi. Ni zan kai ku ƙarshensa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ni ne na yi aika-aikar.

Ku fara sanin irin mutumin da nake kafin wannan shekarar. Shekara talatin da biyar na yi ina magatakarda a ofishin hakimi, na fara a Karaye na ƙare a Rogo. Aikina in zauna a gefen tabarma da biro, wannan ya faɗi nasa in rubuta, wancan ya faɗi nasa in rubuta, a yanke hukunci in rubuta, in rufe littafi in kama hanyar gida. Ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayina, ni kuma wallahi na gode wa Allah da hakan. Halin ya bi ni har cikin gida. In biyu daga cikinku suka yi faɗa suka kawo ƙara, kun tuna abin da nake cewa. Shi ya sa mahaifiyarku Hajiya Binta ta laƙaba mini Malam Duk-Kuna-da-Gaskiya, sunan kuwa ya zauna daram kamar hular da aka ɗinka don kaina.

Mu uku ne a ɗakin uwarmu a Rogo Ruma: Yaya Garba, wato Baffanku na Yammedi, sai Yaya Talatu, Gwaggonku, sai ni auta. A gidanmu akwai al'ada tun kakanni. In an gama girbi sai a ware irin shuka, gero da dawa da gyaɗa mafi kyau, a zuba a ƙaramin rumbu, a barbaɗa toka, a liƙe bakin da laka. Kafin lakar ta bushe maigida zai danna tafin hannunsa a kai. Daga ranar ba mai taɓa wannan rumbu sai mai hannun, shi ma sai ruwan shuka ya sauka. Da mahaifinmu ya rasu, hannun Yaya Garba ne ya koma kan lakar. Shi kuwa mutum ne da ko ina kwana ya ce maka sai ka ji kamar tsawa ya daka maka.

Sai aka yi shekarar da damina ta ɗauke tun gero yana ciki. Manyan rumbuna suka ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba, aka koma tafasa da rama da dusa. Mijin Yaya Talatu ya tafi cin rani kudu shiru ba aike, ta dawo gida da ɗanta Ɗanjuma, bai cika shekara biyu ba, ga zazzaɓi ga ƙashin haƙarƙari a waje. Ni lokacin na fara aiki a Karaye, nakan zo da ɗan abin da na samu, amma a gida mai baki goma sha huɗu ko kwana biyu ba ya yi. Wata Juma'a da hantsi ina gida, Yaya Talatu ta durƙusa a gaban Yaya Garba a gindin ƙaramin rumbun, yaron yana goye a bayanta.

"Yaya, mudu ɗaya," in ji ta. "In dama wa yaron nan kunu. Mudu ɗaya kawai."

"In na fasa don ɗaya, na fasa don kowa," in ji shi. "Gobe wata ta zo da nata ɗan, jibi wata. In ruwa ya sauka mu shuka me, tsakuwa? Tashi."

Ta juyo ta dube ni. "Isyaku, kai ka yi boko. Ka ce wani abu mana."

Na buɗe baki na ce duk suna da gaskiya. Har yau da nake rubuta wannan ban taɓa yin maganar da na ji kunyarta kamar wannan ba. Bayan kwana tara Ɗanjuma ya koma ga Mahaliccinsa. Ko zazzaɓin ne, ko yunwar ce, ko da an dama kunun zai tashi, Allah kaɗai ya sani. Bayan sati biyu ruwa ya sauka, Yaya Garba ya fasa lakar, muka shuka, har maƙwabtan da suka cinye nasu irin ya auna musu. Aka yi damina mai albarka.

Daga nan gidanmu ya dare biyu. Wasu suka ce da ba don Garba ba da unguwar ta watse. Wasu suka ce mutumin da zai kalli yaro a wannan hali ya ce tashi, ba zuciya a ƙirjinsa. In ya shigo zaure hira ta mutu, in ya zauna cin abinci kowa ya tuna yana da uzuri. Da uwarmu ta rasu ya tattara iyalinsa ya koma Yammedi wajen dangin matarsa, ba wanda ya ce masa tafi, ba kuma wanda ya ce masa zauna. Yaya Talatu kuwa ta tsaya a iyakar da addini ya gindaya: in ya yi sallama ta amsa, daga nan ba ƙari. Shekara arba'in da 'yan kai aka yi a haka.

To, a shekarar da nake ba ku labari, na yi ritaya ina zaman kashe wando a ƙofar gida, sai 'yar'uwarku Rukayya ta dawo daga Kano da kwamfuta da abokan aikinta biyu, wai gem suke ƙerawa. Ni a sanina gem shi ne abin da ke cinye cajin waya da hankalin yara. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Irin wannan wasan, in ji ta, labari ne da kai kanka kake cikinsa. Kai ne madugun ayari, fari ya cinye garinku, kana jan mutane zuwa sabuwar ƙasa. Kana da abokan tafiya, kowa da halinsa da bakinsa, kuma a kowace mararraba kai za ka zaɓa, labarin ya bi abin da ka zaɓa. In ka ɓata wa abokin tafiya rai zai iya barin ka, in ka kore shi ya koru ke nan har ƙarshen wasa. Suna da mai gurmi mai ban dariya, suna da ungozoma mai taushin zuciya, suna da maharbi marar tsoro. Matsalarsu ita ce kowa a ayarin mutumin kirki ne, har wasan ya yi lami kamar miya ba gishiri.

"Baba," in ji ta, "ka shekara talatin da biyar kana sauraron rigimar mutane. Ka rubuta mana mutum ɗaya wanda za a yi ta gardama a kansa."

Na ce mata ni ba na ƙirƙira, abin da aka faɗa nake rubutawa. Ta ce to in rubuta abin da na taɓa ji an faɗa. Na ɗauki biro da niyyar in yi mata shafi ɗaya in sallame ta, ban farga ba sai da na cika littafi guda. Mutumin da kansa ya fito: Jatau, tsoho mai goye da tulun iri, bakin tulun liƙe da laka, da tafin hannu a kai. Ba ya gaisuwa, ba ya yabon kowa, in mai gurmi ya fara waƙa sai ya ce masa ya adana yawunsa. Amma shi ya san inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin yashi, kuma shi ke tafiya a bayan kowa don kada a bar gajiyayye. A tsakiyar tafiya guzuri ya ƙare, wata mace a ayarin ta zo da ɗanta marar lafiya ta roƙi mudu ɗaya. A nan wasan yake tsayawa ya ba ka biyu: ko ka fasa tulun ka kori Jatau, ko ka bar tulun ka ci gaba da shi. In ka bari, za a isa a yi gona a kafa gari, amma akwai ƙaramin kabari a bakin hanya. In ka fasa, ayari zai ƙoshi, ku isa ba abin shuka, rabin mutane su watse. Yaron kuma wani sa'in ya tashi, wani sa'in bai tashi ba. Haka na ce a yi, don haka abin yake. Rukayya ba ta san labarin rumbu ba, don a gidanmu ba a yin sa. Ni na san sarai abin da nake rubutawa, kuma ban gaya mata ba. Wannan laifina ne, na ɗauke shi.

Suka ba wasu samari su gwada wasan, kusan dukkansu suka tsani Jatau. Sai Nasiru, abokin aikin Rukayya, saurayi mai ladabi da kan kasuwa, ya same ni a zaure ya rusuna.

"Baba, a yi haƙuri, tsohon nan zai kashe mana kasuwa. Ko dai mu mai da shi mugu sosai, a kama shi yana cin irin a ɓoye, kowa ya kore shi hankali kwance. Ko kuma mu sa shi ya yi kuka ya ba da haƙuri, a so shi. Mai wasa yana son ya san ya zaɓi daidai."

Harshena ya riga ya ɗauko duk kuna da gaskiya, don ya saba. Sai na ji wata magana daban ta fito, ni kaina sai da na waiga in ga wa ya yi ta.

"A'a. Bai ci irin ba, kuma ba zai yi kuka a gaban kowa ba. In za ku taɓa masa ko gashin gemu ɗaya, ku ba ni littafina."

Hajiya Binta tana tankaɗe a tsakar gida, ta ajiye rariya ta leƙo. "La'ilaha illallahu! Yau Malam ne ya ce a'a? Rukayya, duba mini sama, ko ranar daga yamma ta fito."

Rukayya ta yi dariya har da hawaye, sannan ta goyi bayana. Aka bar Jatau yadda yake.

Wasan ya fita da kaka. Ban san yadda ake auna nasarar irin wannan abu ba, amma na san ranar da na tabbata mun yi ta. Na je tashar Rogo zan shiga mota, na tarar da 'yan acaba sun yi cirko-cirko, fasinja yana kira ba mai kula shi. Ɗaya yana cewa shi wallahi tun matar ba ta rufe baki ba ya fasa tulun, tsohon banza kawai. Ɗaya yana ce masa shi ya sa garinsa ya watse, ai irinsu ne ke cinye iri su ce ƙaddara. Saura ƙiris su ci kwalar juna, ni kuwa ina tsaye da jakata, ba wanda ya san ni na haɗa faɗan. Wani malamin sakandare ya gaya mini ajinsa ya rabu, ga 'yan Jatau ga 'yan fasa-tulu, har ya sa su muhawara. Rukayya tana karanta mini saƙonni daga Katsina, daga Damagaram, daga garuruwan da ban taɓa takawa ba, wasu suna sa wa marubucin albarka, wasu suna cewa Allah ya isa. Ni da na shekara talatin da biyar ba mai karanta rubutuna sai gara! Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba, har tafiyata sai da ta canza.

Daɗin bai kai wata guda ba. Jikokin Yaya Talatu suna wasan a tsakar gidanta, ta leƙa wayar ta ga hoton tulu da tafin hannu a kan laka. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta hau babur daga Rogo Ruma ta dira a gidana. Aka shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama, aka kawo ruwa ta ƙi sha.

"Isyaku, ranar da na roƙe ka ka yi magana, cewa ka yi duk muna da gaskiya. Ashe ajiye bakin ka yi. Sai da ka tsufa ka ɗauki ɗana ka kai kasuwa, yara suna danna shi da yatsa."

"Yaya, ki saurare ni."

"Na saurare ka sau ɗaya. Ya ishe ni."

Daga ranar ta sa ni a sahun Yaya Garba: in na yi sallama ta amsa, shi ke nan. Aka haifa wa ɗan'uwanku Aminu ɗansa na fari, ita da take yi wa kowane jariri a zuriyarmu wankan farko, ko barka ba ta aiko ba. Dangi suka yi mini ca. Rukayya da ta ji asalin labarin ta yi kuka, ta ce me ya sa na bari ta yi wa Gwaggonta haka ba ta sani ba, kuma a shirye take ta cire Jatau a ranar. Hajiya Binta ta ce in je in durƙusa in yi alkawarin za a goge. Na je, na durƙusa, na ba da haƙuri a kan ɓoye mata da na yi, amma na ce ba za a goge ba, don shirun shekara arba'in bai warkar da kowa a gidanmu ba. Ta juya mini baya ta ci gaba da jan carbinta. Wata bakwai na yi ba ni da 'yar'uwa. Na rame, abinci ya fita kaina, kuma sau da yawa na tambayi kaina ko a'a ɗaya da na taɓa faɗa a rayuwata a wurin da bai dace ba na faɗe ta.

A tsakanin nan na je Yammedi in gaya wa Yaya Garba da bakina, kada ya ji a bakin duniya. Na same shi a gindin darbejiya yana ɓarar gyaɗa, ya haura tamanin amma fuskar nan tana nan a murtuke. Na kwashe labarin duka, bai ɗago ba.

"Ka rubuta na ci irin?"

"A'a, Yaya."

"Ka rubuta na yi kuka?"

"A'a."

"To ka rubuta daidai. Ba wanda ya gani."

Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. Sai da babur ya kai ni rabin hanyar Karaye sannan maganar ta shige ni, na ce wa ɗan acaban ya ɗan tsaya, wani abu ya faɗa mini a ido.

Da bazara, rannan bayan azahar, sai ga sallamar Yaya Talatu a ƙofar gidana. Daga baya ta gaya mini abin da ya kawo ta. Ta je wani biki a Rogo, ta ji 'yan matan da ba su san ta ba suna gardamar wasan a bakin murhu. Wasu cikinsu suna rantsuwa matar nan mai goyo ita ke da gaskiya, su sun fasa tulun, kuma gobe ma za su sake fasawa. Shekara arba'in ana ce mata ta yi haƙuri, da ba don Garba ba da ba a yi shuka ba. Ranar ce ta fara jin wani mahaluki ya ce roƙonta ba laifi ba ne. Amma a lokacin ba ta faɗi wannan ba, ko kallona ba ta yi ba.

"Ina 'yar nan? Ta kawo mini abin in gani da idona."

Rukayya ta zauna kusa da ita tana karanta mata, ita kuma tana dannawa da yatsanta. Kwana uku tana zuwa bayan azahar. Mai gurmi ya ba ta dariya, maharbi ta ce rawar kai ta yi masa yawa, in Jatau ya yi magana kuwa sai ta ja tsaki ta ce shi ne, ko tari aka ce ya yi haka zai yi. A rana ta uku aka kai wurin. Matar ta durƙusa, ta roƙi mudu ɗaya, Jatau ya ce tashi. Rukayya ta karanta mata zaɓin biyu. Yaya Talatu ta riƙe wayar ta ƙi danna ko ɗaya, har Hajiya Binta ta bar wanke-wanke ta matso.

"Karanta mini na ukun."

"Gwaggo, biyu ne."

"Wa ya ce biyu ne?"

Duk suka juyo suka dube ni. Ita ma ta dube ni, karon farko a wata bakwai.

"Isyaku, kana wurin. Me na roƙa?"

"Mudu ɗaya."

"Na ce a kore shi?"

"Ba ki ce ba, Yaya."

"To wa ya haɗa mini fasa tulu da korar ɗan'uwana? Mudu ɗaya na nema, a dama kunu, shi ma ya zauna ya sha, don shi ma rabonsa da abinci kwana biyu, ina gani yana ba yara nasa. Ku ne kuka daina yi masa magana da sunana, kuka zuba ido ya tafi, sannan kuka juyo kuna kallona ku ga ko zan kira shi. Ni ce na binne ɗa, ni ce kuma zan bi shi ina lallashi?"

Kunya ta rufe ni. Magatakardan da yake alfahari bai taɓa ƙara wa kowa magana ba, ashe a shari'ar gidansa ya shekara arba'in da rubutun da ba a faɗa ba. Rukayya ta share ido ta ce za ta iya buɗe hanya ta uku a wasan, amma sai an san abin da Jatau zai ce in aka nemi mudun ba tare da an kore shi ba. Ta dube ni. Na ce ban sani ba, ni abin da aka faɗa nake rubutawa, wannan kuwa ba a taɓa faɗar sa ba. Yaya Talatu ta miƙe ta gyara mayafi.

"To ai yana da rai. Zumunci a ƙafa yake. Gobe ka zo da bironka."

Washegari da safe muka shiga mota zuwa Karaye, ni da ita da Rukayya, daga nan muka hau babura zuwa Yammedi. Kwana da kwanaki hadari yana haɗuwa yana watsewa, ko ɗigo bai sauka ba, gonaki duk an share ana jira. Muka same shi a gindin darbejiyarsa. Ta yi sallama, ya amsa yadda suka saba, ya mai da kai ga abin da yake yi. Sai ta rusuna ta ce, "Yaya, ina kwana." Na ga hannunsa ya tsaya cak.

"Na zo in sake tambayarka ne," in ji ta. "Mudu ɗaya."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dogara sandarsa ya miƙe, ya zaga bayan ɗaki, muka bi shi. Ga ƙaramin rumbu, ga laka a bakinsa, ga tafin hannu a kai, yatsun sun kankance sun karkace amma nasa ne. Ya ɗauki fartanya. Babban ɗansa ya ce, "Baba, ruwa fa bai sauka ba." Ya ce masa shi ya san sama tun ba a haife shi ba. Ya buga ƙotar fartanyar a tsakiyar hannun nasa, lakar ta tsage ta zube. Ya ce a kawo mudu, ya cika shi taf da gero har yana zuba, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Na Ɗanjuma ne," in ji shi. "Ya makara."

Ta karɓa.

"Ban ce na yi kuskure a kan rumbun ba, Talatu. Yau ma in aka mai da ni ranar, ban san ko zan fasa ba. Amma da na ce miki tashi, da ma zama na yi kusa da ke."

"Ni ma ban zo don ka ce ka yi kuskure ba," in ji ta. "Ina turminku?"

Matan 'ya'yansa suka taya ta surfe da niƙa, amma damun da kanta ta yi, kunun tsamiya mai kauri. Ta kawo a ƙwarya ɗaya da ludayi uku ta dire a gindin darbejiya, ta ce masa, "Zauna ka sha." Ni ina gefe ina ta rubutu kamar za a ƙwace mini littafin. Ta harare ni ta ce ni ma in ajiye biron nan haka, kunu yana hucewa. Muka sha mu uku a ƙwarya ɗaya, rabonmu da haka tun uwarmu tana da rai. Abin da na gani a fuskar Yaya Garba ranar ban rubuta shi ba, kuma ba zan rubuta ba.

Hanya ta uku tana cikin wasan yanzu, amma Rukayya ba ta sa ta a fili ba. Sai mai wasa ya ƙi danna ko ɗaya, ya tsaya ya jira yadda Gwaggonta ta yi, sannan take fitowa. Gardama kuwa ba ta mutu ba, ƙaruwa ma ta yi, don yanzu gida uku aka rabu a tasha, ni kuma ko a jikina. Ruwa ya sauka bayan kwana huɗu da zuwanmu. Irin Yaya Garba ya gaza da mudu ɗaya, kunyoyin ƙarshen gonarsa suka zauna ba shuka, aka kawo masa na cikawa ya ce a bar su haka. Damina biyu ya ƙara a duniya, kuma duk wata sai Yaya Talatu ta je Yammedi sun yi faɗa a kan ya cika taurin kai, ta dawo da gyaɗa a ƙullin mayafi.

A cikin adakata, ƙarƙashin littafin Jatau, akwai gutsuren busasshiyar laka naɗe a tsumma, da shatin yatsu uku a jikinsa. Na tsince shi a gindin rumbun ranar, ba wanda ya gani. In kun zo rabon kayana, kada wani ya ga laka ce ya zubar.